Riƙe Gida Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Jagora ga Iyalan Lafagu da Kewaye

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda jijiya ta toshe, ko saboda ta fashe jini ya malala. Ba ta yin sallama. Mutum yana alwala ko ya dawo daga fadama, sai baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Daga wannan sa'a kuɗin da ke shigowa gidan ya tsaya, wanda ke fita ya ninka. Akwai kuma asara ta uku da ba a cika sawa a lissafi ba, wato mutumin da zai ajiye sana'arsa ya zauna jinya.

A Lafagu da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo, irin su Illo, Lolo, Tsamiya, Ka'oje da Zagga, dukiyar yawancin gidaje ba a banki take ba. Tana cikin rumbu, da fadamar shinkafa, da shanun huɗa, da injin ban-ruwa, da kwale-kwalen su, da babur ɗin kabu-kabu, da ɗan jarin da ake juyawa tsakanin kasuwannin nan da na tsallaken iyaka a Jamhuriyar Benin. Duk waɗannan ƙarfin jikin mutum ne ke motsa su. Ranar da ya kwanta, su ma sun kwanta. Jinyar wannan ciwo kuwa ta watanni ce, sau da yawa ta shekaru. Don haka duk shawarar da ta shafi kuɗi sai a auna ta da tambaya guda: bayan wata shida, me gidan zai ci, kuma da me za a sayi magani?

Ranar farko

Kuɗin da aka kashe a ranar farko ya fi kowane kuɗi amfani, muddin a hanyar asibiti aka kashe shi. A nemi mota nan take, ko da shata ce, ko da bashi ne. Daga ƙauyukan yankin zuwa Birnin Kebbi tafiya ce ta sa'o'i, musamman ga na tsallaken kogi da sai sun biyo ta gadar Tuga, don haka a fara tsayawa a babban asibiti mafi kusa a duba mara lafiya, a karɓi takardar turawa. Manyan wuraren da ake turawa su ne asibitin gwamnatin tarayya da asibitin tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, sai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Hoton ƙwaƙwalwa shi ne ke bambance toshewa da fashewa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Asfirin da ke taimakon mai toshewa yana iya ƙara wa mai fashewa zubar jini, shi ya sa ba a ba da shi da ka. Kafin a kama doguwar hanya, a buga waya ga wani ɗan'uwa a can ya tabbatar inda ake ɗaukar hoton a ranar, don kada a biya kuɗin mota sau biyu.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Sanin wannan yana da amfani a bakin ƙofa, amma bai ɗauke wa iyali kuɗin hoto da gwaji da magani ba.

Kada a ɗura wa mara lafiya komai a baki, ko ruwa ko kunu ko rubutu, sai ma'aikacin lafiya ya gwada haɗiyarsa. Ciwon yakan taɓa maƙogwaro, abin da aka ɗura ya zarce huhu, ya haifar da ciwon huhu da zai ƙara kwanaki a gadon asibiti da kuɗin allurai. Haka kuma kada a cika mota da 'yan rakiya. Mutum biyu sun isa, mai jinya da mai zirga-zirga. Duk wanda aka ƙara, a aljihun jinya zai ci, a nan zai kwana, a nan zai koma gida.

Zaman iyali da littafin jinya

Cikin makon farko, tun hankalin kowa yana wurin, ya kamata a zauna. A kira 'ya'ya maza da mata, da matan gidan, da 'yan'uwan mara lafiya, na nesa a sa su a waya. Yana da kyau a samu dattijo ɗaya daga waje, liman ko mai unguwa, wanda kowa ke jin nauyinsa. Abu uku ake fitarwa a wannan zama: wa zai riƙe kuɗi, wa zai riƙe littafi, wa zai riƙe gona ko sana'a. Mai riƙon kuɗi da mai rubutu kada su zama mutum ɗaya. Ba don ana zargin kowa ba. Don a kare wanda aka ɗora wa amana daga maganar da za ta taso bayan wata huɗu, lokacin da gajiya ta shigo. A gidan da ke da ɗaki fiye da ɗaya, adalci ya fi samuwa idan kuɗi yana hannun ɗan wannan ɗaki, littafi yana hannun ɗan wancan.

Littafin ba wani abu ba ne illa littafin rubutu na 'yan makaranta. A shafin hagu a rubuta abin da ya shigo: kwanan wata, sunan wanda ya bayar, adadi, da kalma ɗaya da za ta nuna kyauta ce ko rance. Wannan kalma ita ce mafi muhimmanci a shafin, domin rigingimu da yawa daga nan suke tashi, mai bayarwa yana nufin rance, mai karɓa ya ɗauka gudummawa ce. A shafin dama a rubuta abin da ya fita, har kuɗin ruwan leda. Rasit da takardun magani a haɗe su da allurar maƙala takarda a bangon baya. Buhun gero ko akuya da aka kawo, su ma a rubuta su. Duk ƙarshen wata a karanta wa kowa, na Legas da na Kwatano a ɗauki hoton shafin a tura musu. Wanda ya ga inda kuɗinsa ya shiga yakan sake turowa.

A shafin farko kuma a lissafa bashin da ake bin mara lafiya da wanda yake bi. Ɗan kasuwar kan iyaka sau da yawa lissafinsa a kansa yake, kuma abokan hulɗarsa suna Segbana ko Malanbil. Idan yana iya magana ko nuni, a tambaye shi tun da wuri, a gaban shaidu biyu.

Daga nan sai a fitar da lissafin wata, a raba shi gida biyu, na ciyar da gida da na jinya. Na jinya ya ƙunshi maganin yau da kullum, kuɗin motar komawa asibiti, gashin ƙashi, sabulu, ledar shimfiɗa, da robar fitsari idan an sa. Misali kawai, idan jimillar ta kama naira 90,000 a wata, rumbu da sana'ar gida suna iya ɗaukar 50,000, to giɓin 40,000 ne. Wannan adadi shi ake kai wa dangi, ba kukan "a taimaka" ba.

Mayar da tausayi alƙawari

Gudummawar makon farko kamar cikar kogin Kwara take, ta zo da yawa, ta janye. 'Yan dubiya suna cika ɗaki, kowa ya ajiye abin da ya samu a gefen tabarma, iyali su ɗauka haka za a ci gaba. Kafin wata biyu ƙafa ta ɗauke, alhali a lokacin ne jinyar ta fara. Saboda haka abin da ya shigo a makon farko kada a cinye shi a girkin baƙi. A ware wani kaso a ɓoye don maganin watanni masu zuwa. Sannan a nemi alƙawarin wata-wata daga kowane mai hali, gwargwadon ƙarfinsa. Babban ɗa yana iya cewa, "Kawu, ba dubu ɗari muke nema yau ba. Abin da za ka iya duk ƙarshen wata, ko dubu biyar ne, shi za mu rubuta." Dubu biyar da ke zuwa kan lokaci ta fi dubu hamsin da ba a san ranar zuwanta ba, domin a kanta ake iya gina lissafi. Wanda ba shi da kuɗi ya ɗauki wani abu dabam: kwanon shinkafa biyu a mako, ko kai mara lafiya asibiti da motarsa, ko kwanan jinya ranar Juma'a.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na yankin ke bi, ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan 'ya'yansu masu hali, maza da mata. Ɗan'uwa da kawu da baffa ba a tilasta musu. Nasu zumunci ne. Sanin wannan yana gyara harshe, a san wanda ake tunatarwa da wanda ake roƙo. Dukiyar mace kuma tata ce. Idan ta sayar da akuyarta ko ɗan kunnenta don jinyar miji, alheri ta yi, kuma tana da damar cewa a rubuta rance ne.

'Yan ci-rani su ne ginshiƙin irin wannan tsari, kuma kuskure ne a kira su duka gida. Wanda ke samu a Abuja ko Ibadan ya zo ya gaida mahaifinsa ya koma bakin nemansa. Zamansa a gida ƙarin baki ne da ragin hannu. A tsayar da asusu ɗaya da kowa zai riƙa turawa, a riƙa cirewa a dunƙule, domin kuɗin cajin mai POS idan ana cirewa kaɗan-kaɗan yana taruwa. Waɗanda ke aiki a Benin ko Nijar su yi alƙawarinsu da sefa, a rubuta sefar da kuma nairar da aka canza a ranar. Sefa a ɗaure take da kuɗin Yuro, 655.957 a kan Yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 farashinta yake hawa da sauka. Wannan lissafi yana juyawa ga mai tunanin kai mara lafiya asibiti a Kandi ko Paraku: da sefa zai biya komai, kuma inshorar lafiya ta Najeriya ba ta tsallaka iyaka.

Abin da ake sayarwa da abin da ba a taɓawa

A nan ne gidaje suka fi faɗuwa. Cikin ruɗewar kwanakin farko, ana ɗaukar abu mafi tsada a kai kasuwa, domin shi ne zai kawo kuɗi a dunƙule, masu saye kuma sun san halin da ake ciki, sai su taya da arha. Bayan wata uku kuɗin ya ƙare, abin da ke kawo kuɗin ma babu.

Tsarin da ya fi aminci shi ne a fara da abin da ba ya haifar da komai: waya ta biyu, babur ɗin hawa da ba a sana'a da shi, rarar hatsi bayan an ware na ci har zuwa kaka. Sai kaji da zabi, sai raguna da bunsuru, a bar matan da ke haihuwa. Idan dole ta kai ga shanu, a fara da wanda ba ya huɗa. Shanun huɗa, injin ban-ruwa, kwale-kwale, keken ɗinki, injin niƙa, babur ɗin kabu-kabu da iri na shuka, waɗannan ba a taɓa su sai an rasa kowace hanya. Gona ita ce ta ƙarshe, kuma fadama ta fi tudu wuyar dawowa, domin wanda ya samu fadamar da ke ba da shinkafa damina da rani ba ya sakinta.

Hatsin ci ma a yi hattara da shi. Buhun da aka sayar da arha a kaka, shi za a sake saya da tsada a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Yankin kuma na bakin kogi ne. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi. Gidan da ke da mara lafiya kada ya gina lissafinsa duka a kan girbin da bai shigo ba.

Maimakon sayarwa, a sa kayan su yi aiki a hannun wani. Babur a ba matashi amintacce ya riƙa kawo balas kullum. Injin ban-ruwa da shanun huɗa a ba da su haya. Gona idan babu mai nomawa a gida, a ba da ita haya ta shekara ɗaya, ko a ba wani ya noma a raba amfani, a yanka kason kowa tun kafin shuka, a rubuta, mai unguwa ya sa hannu. Idan ciwon ya faɗo a tsakiyar damina, a kira gayya. Maƙwabta sun fi samun sauƙin ba da yinin noma a kan ba da kuɗi, kuma abincin gayya bai kai kuɗin 'yan ƙwadago ba.

Jinginar da gona tana kama da mafita, amma sau da yawa sayarwa ce a hankali. Mai kuɗi yana noma yana ci, bashin yana nan yadda yake, iyali kuma sun rasa abin da za su fanshe ta da shi. Malamai da dama suna ƙyamar wannan siga domin rance ne da ya jawo wa mai bayarwa amfani. Haya ta fi ta, saboda tana da wa'adi, gonar kuma tana dawowa ba tare da an biya komai ba. Haka nan bashin kaka, inda ake karɓar kuɗi yanzu a biya da buhu a lokacin girbi bisa farashin da mai kuɗi ya yanka, da bashin manhajojin waya masu kuɗin ruwa mai yawa da gajeren wa'adi, duka suna cinye shekarar gaba. Idan rance ya zama dole, a nema wurin dangi ko ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta manoma, marar ruwa, a rubuce. Mai zubin adashe kuma ta je wurin uwar adashe ta nemi a musanya mata kwasa da wata; an saba yin haka don lalura.

Dukiyar mai rai ce

Mara lafiya bai mutu ba, kuma dukiyarsa ba gado ba ce. Ba a rabawa, ba a sayarwa ba da izininsa ba. Da yawa daga waɗanda maganarsu ta ɗauke suna ji, suna fahimta sarai. Furuci ne kawai ya gagara. Irin wannan sai a zauna kusa da shi ta ɓangaren da ke da lafiya, a kashe rediyo, a yi masa tambaya ɗaya gajera wadda amsarta i ce ko a'a: "Baba, raguna biyun nan za a sayar. In ka yarda, matse hannuna." A jira, kada a gaggauta. A sake tambayar ta wata siga don a tabbatar amsar ba ta sauya ba. Mutumin da ya shekara talatin yana riƙe da gida, idan ya ga ana shawarar dukiyarsa a kansa kamar ba ya wurin, ciwon zuciya yana ƙaruwa a kan na jiki. Likitoci sun tabbatar da cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna faɗawa cikin ciwon damuwa, mai damuwa kuma ba ya ba da haɗin kai wajen gashi.

Idan yana da asusun banki kuma hankalinsa yana nan, ya wakilta wanda ya yarda da shi a rubuce, da shaidu, a je banki a tambayi ƙa'idarsu ga wanda ba ya iya sa hannu. Layin wayarsa a kiyaye shi da kyau, domin da shi asusun yake haɗe. Idan kuwa hankalin ya taɓu har ba ya gane komai, hanyar da ta dace ita ce a je kotu alƙali ya naɗa wanda zai kula da dukiyar. Wannan ya fi a bar wanda ya fi kowa ƙarfin murya ya riƙe katin cirar kuɗi.

Zakka da hukuma

Gidan da mai nemansa ya kwanta, bashi ya hau kansa, yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Matalauta da mabuƙata da waɗanda bashi ya danne suna cikin kaso takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Ba roƙo ba ne, haƙƙi ne. A yankin manoma zakkar hatsi ta fi ta kuɗi yawa: ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin ga wanda aka shayar da inji, idan amfanin ya kai sa'i 300. Mutum ba ya ba iyayensa ko matarsa ko ƙananan 'ya'yansa zakka, tunda ciyar da su yana kansa, amma yana iya ba ɗan'uwansa ko kawunsa. A sanar da liman tun kafin kaka, don manoman unguwa su san inda za su kai.

Ta ɓangaren gwamnati, jihar Kebbi tana da hukumar kiwon lafiya ta taimakekeniya, KECHEMA, wadda ke rajistar jama'a. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu na musamman don masu rauni. A je asibitin matakin farko na mazaɓa da lambar katin ɗan ƙasa, a tambayi yadda ake shiga da abin da tsarin ke biya. Ba zai ɗauke komai ba, amma ko awon jini da maganin hawan jini ya rage, an samu sauƙi na kowane wata. A manyan asibitoci kuma akwai ofishin jin daɗin jama'a da ke duba halin marasa ƙarfi. Mutane da yawa suna wuce ƙofarsa ba su sani ba.

Idan mara lafiya ma'aikaci ne, a kai takardar likita wurin aikinsa cikin gaggawa, kada a ɗauke shi a matsayin wanda ya gudu daga aiki. Wanda ke cikin tsarin da dokar fansho ta 2014 ta tsara yana da damar taɓa asusunsa kafin ya kai shekara 50, idan likita ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba.

Inda kuɗi ke zurarewa

Saboda ciwon yana zuwa farat ɗaya, mutane da yawa suna danganta shi da shafar aljani ko jifa. Daga nan sai a fara yawo, yau wannan gari, gobe tsallaken iyaka, kowane wuri da ragonsa da kuɗin motarsa. Addu'a ba ta karo da asibiti, kuma ba ta da farashi. Amma duk wanda ya yi alƙawarin tayar da mara lafiya cikin kwana bakwai idan aka biya shi, ko ya ce a ajiye maganin asibiti, dukiyar gidan yake nema. Babban binciken da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi, wanda aka fitar a 2018, ya nuna hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo a yankinmu. Ciwon sukari, yawan gishiri, taba da yawan kitse a jini suna biye.

Saboda haka maganin hawan jini shi ne layin farko a lissafin wata, kafin komai. Ba a daina shi don an ji sauƙi, kuma wanda ciwon ya taɓa sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu, musamman a watannin farko. Na biyun yakan fi muni, ya fi tsada. A roƙi likita ya rubuta maganin da asalin sunansa ba da sunan kamfani ba, domin amlodifin, alal misali, kamfanoni da yawa ke yin sa, farashinsu kuma ya bambanta. A saya a kantin magani mai rajista, mai lambar NAFDAC, ba a tiren 'yan talla ba. Duk ranar da aka je asibiti a sayo na wata ɗaya ko biyu, a haɗa ganin likita da gashi da gwaji a tafiya ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na kowace jinya.

Wasu abubuwan da suka fi ceton kuɗi ba a sayen su. A juya mara lafiya duk bayan awa biyu, dama, baya, hagu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin hannun da ya saki, a duba ƙugu da dunduniya da kafaɗa kullum. Jan tabo ko duhun fata da bai ɓace ba alamar gyambon kwanciya ce, gyambo ɗaya kuwa yana iya cin kuɗin da ya fi na maganin shekara. Kada a ja shi ta hannun da ya mutu wajen tayarwa, kafaɗar tana iya gocewa. A rage gishiri da dunƙule a tukunyar gida duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Gashi kuma, tunda mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne cikin wata uku zuwa shida na farko, kuɗin da aka sa a wannan lokaci ya fi na baya riba. Iyalin da ba sa iya zuwa Birnin Kebbi kowane mako su tura mutum biyu su koya a hannun likitan gashi, su ɗauki motsin a waya, su riƙa yi safe da yamma a gida. Kafinta yana iya kafa sanduna biyu a tsakar gida don koyon tafiya, ya kuma huda kujera a sa bokiti a ƙasa. Keken guragu a fara neman aro kafin a saya.

Mai jinya, yara, da komawa nema

Jinya kusan kullum a kan mace take faɗawa, mata ko 'ya ko suruka, kuma ita ma tana da sana'arta, ko ƙuli-ƙuli ko gumin shinkafa ko bandar kifi. Idan ta bari, ribar ta fita daga tukunya. A tsara karɓa-karɓa don ta samu yinin kasuwarta, a kuma kiyaye jarinta kada ya narke a cefane. Yara kada a cire su daga makaranta don jinya ko talla, kuma kada a gaggauta aurar da yarinya don rage baki. A je wurin shugaban makaranta a faɗi halin da ake ciki, a nemi jinkiri. Biki da suna da suka faɗo a shekarar a taƙaita su. Duk mai hankali zai yi uzuri.

Da zarar mara lafiya ya fara zama da kansa, a nema masa abin yi. Wanda ba zai sake riƙe garma ba yana iya zama a tebur a ƙofar gida, ko ya kula da cajin waya, ko ya karɓi balas, ko ya faɗi lokacin zuba taki da wanda za a saya wa iri, domin sanin gona bai shanye ba. Duk wata uku a sake zama a duba littafi, a rage abin da ya ragu, a sauƙaƙa wa wanda alƙawari ya yi wa nauyi, a fara biyan rance daga ƙarami.

Daga cikin kuɗin jinya a fitar da na injin awon jini mai batir. Ba na mara lafiya ba ne shi kaɗai. Hawan jini yana bin dangi, kuma ba ya ciwo kafin ya yi ɓarna. Duk baligin da ke gidan, musamman waɗanda nauyin ya koma kansu, a auna shi yana zaune bayan ya huta. Wanda awonsa ya kai 140/90 ko ya haura a ranaku biyu mabambanta, ya je asibiti a wannan makon.